Gini ko daji, wanne ya fi cinye sabis?

Malam, ka ce a shagonka na ƙasan bene sanda ɗaya sabis ke nunawa, a lambunka na mangwaro ma haka, shi ne kake tambayar wa ya fi laifi tsakanin gini da itatuwa. Duka biyun suna ci, amma kowa da irin cinsa.

Gini farat ɗaya yake yi. Bangon kankare mai rodi a ciki kan iya mayar da ƙarfin sigina kashi ɗaya cikin goma, ko ma ƙasa da haka, abin da injiniyoyi ke ce wa asarar desibel 10. Kwanon rufi kuwa mayar da ita yake yi kamar madubi. Sai dai wannan mayarwar ita ce rufin asirin ɗan birni: siginar ta bugi wannan bango, ta faɗa wancan, ta bi lungu, ta shigo ta ƙofa. Shi ya sa za ka ga ɗan Kantin Kwari ya fito bakin shago da waya a kunne, taku biyu kawai, "kana ji na?" ya koma ciniki. Wani lokacin ma juya kai ya isa, domin siginonin da suka biyo hanyoyi daban-daban kan kashe juna a wuri guda, kamu ɗaya gaba kuma su ƙarfafi juna.

Daji a hankali yake ci. Ruwan da ke cikin ganye ne ke shanye siginar, rassa su tarwatsa saura. Bishiya ɗaya ba komai ba ce, jerinsu ne matsala. Kuma abin na bin yanayi: da damina ganye ya cika ya jiƙe, sabis ya ja baya, iska na kaɗawa murya na yankewa. Gawo ne kawai zan wanke, tunda shi da damina yake zubar da ganyensa.

Mitar layi, wato yawan kaɗawar igiyar sigina a daƙiƙa guda, ita ma tana da hannu. Tsawon zangon igiyar sigina mai mitar megahaz 900, irin ta 2G, kusan santimita 33 ne, yana iya kewaye ganye. Na gigahaz 3.5, wanda hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjonsa a Disambar 2021 domin 5G, bai kai santimita 9 ba, ganyen mangwaro ma ya fi shi tsawo. Dalili ke nan da wayarka ke sauka 2G da zarar ka nutsa lambu.

A ganina, taku da taku gini ya fi mugunta, amma daji ya fi wuyar magani, don ba shi da taga. Ga shi ƙarfen sabis na nesa, kamar yadda masu ratsa dajin Falgore suka sani, siginar ta iso a gajiye tun kafin ta haɗu da ganye. A shago ka matsar da na'urar intanet ɗinka bakin ƙofa ko taga. A lambu tsawo za ka nema: ka ɗaura eriyar waje a kan dogon bututun ƙarfe har ta haura kan mangwaron, ka fuskantar da ita wajen ƙarfen sabis mafi kusa.