Hilux mai batir 48V da Hilux ta gargajiya: wacce ta dace da mai shiga daji?

Alhaji ya tambaya cewa an yi masa tayin Hilux biyu, duka injin gas mai lita 2.8, ɗaya ta gargajiya, ɗaya kuma irin sabuwar nan mai ɗauke da ƙarin batir 48V, wadda injinta ke mutuwa da kansa idan an tsaya. Aikinsa kai kayan noma ƙauyuka ne, rani da damina, yana son sanin wacce zai ɗauka.

Ranka ya daɗe, mai 48V ɗin nan ba motar lantarki ba ce, ko taku ɗaya ba ta yi sai injin yana aiki. Toyota ta fara sayar da ita a 2024. An cire altaneta, aka sa wata na'ura a gurbinta wadda bel ke haɗa ta da injin. Idan ka ɗaga ƙafa daga totur sai ta tara wuta a wani ƙaramin batir mai nauyin kilo 7.6 da ke ƙarƙashin kujerar baya, idan ka taka kuma ta ɗan tallafa wa injin. Ita ce ke tada shi bayan ya mutu a danja, cikin sauri ba tare da kakarin sitata ba.

A cikin gari ta fi ta gargajiya daɗin tuƙi, wannan babu musu. Tashinta da laushi, silonta ya sauko daga juyi 720 zuwa 600 a minti ɗaya, kuma Toyota ta Turai ta ce ragin shan mai yana kaiwa kashi 5 cikin ɗari. Sai dai ragin nan yawanci a cunkoso ake samunsa, inda ake tafiya ana tsayawa. Doguwar hanya ko yashi, inda ƙafarka ke kan totur ba ɗagawa, bambancin kaɗan ne ƙwarai. Ga kuma zafinmu. Injin ne ke juya kwamfuresar esi, to da ya mutu sanyi zai fara ja da baya, can motar ta sake tada kanta. A watan Afrilu a Kano ko Maraɗi za ka ga kana danna maɓallin kashe tsarin mutuwar injin tun daga ƙofar gida, kuma duk lokacin da ka tada mota sai ka sake dannawa.

Wajen ƙarfi kusan kunnen doki ne. Ɗaukar kaya da jan tirela ba su ragu ba, zurfin ruwan da aka amince ta ratsa yana nan a milimita 700, an ɗaga na'urar sama a jikin injin saboda haka. Saukowar silon ma yana taimakawa idan kana lallaɓawa a kan duwatsu ko kwazazzabo. Ni dai shawarata, kafin ka shiga rafi ko taɓo ka kashe tsarin nan da hannunka, don ba wurin da kake son injin ya yi shiru ba ne.

Inda suka rabu shi ne ranar da abu ya lalace, kuma nan ne ya fi damuna. Altanetar Hilux ta gargajiya idan ta daina caji, duk garin da ke da tasha akwai mai wayarin da zai kwance ta, ya canza buroshi, ka kama hanya kafin la'asar. A mai 48V, batirin mota na yau da kullum yana samun caji ne ta wani akwati da ke sauko da wutar daga 48 zuwa 12. Na'urar ce ta samu matsala, ko akwatin, ko batirin, sai an jona kwamfuta za a sani, kuma ba kayan da za ka tsinta a kasuwar Ƙofar Ruwa da rana ɗaya ba ne. Mota cike da taki a bayan gari, hadari ya haɗo, ba lokacin jiran kaya daga ƙasar waje ba ne.

Ka kuma tambayi daga ina ta fito. Na Afirka ta Kudu da Ostareliya sitiyarinsu a dama yake. Ta Turai tana zuwa da matatar hayaƙi a salansa da tankin ruwan AdBlue mai tsabtace hayaƙi, su kuma suna son gas mai tsabta ƙwarai. Gas ɗin bakin hanya da ake aunawa a jarka yana iya toshe matatar, motar ta rage wa kanta ƙarfi. Wannan ya fi batirin saurin kawo ciwon kai.

Don haka Alhaji, ga irin aikinka, ta gargajiya zan ɗauka, musamman wadda aka yi don kasuwar Afirka. Mai 48V ta dace da wanda yawancin zirga-zirgarsa Abuja ce ko Kaduna, daji sai jefi-jefi, kuma yana da garejin da ya san ta. In ranka ya kwanta da ita duk da haka, kafin ka biya a jona mata kwamfuta a gabanka, a ɗaga kujerar baya a duba ko ruwa ya taɓa shiga, sannan ka ajiye bel ɗinta na asali guda a cikin mota.