Kafin ka sayi ƙamusun Turanci, buɗe shi a kan "run"

Mai sayen ƙamus yakan fara da karanta bango, ya ga kalmomi dubu nawa aka ce suna ciki. Ni dai shawarata ka ajiye wannan adadi gefe, ka nemi wata 'yar kalma da kowa ke ganin ya sani, kamar "run", ka duba yadda aka yi mata bayani. A nan ake gane ƙamus na ƙwarai.

Dogayen kalmomi ba su cika wahalar da mai koyo ba, domin ma'anarsu ɗaya ce ko biyu. Ƙananan su ne hatsabibai. A aji an ce mana "run" gudu ne. To amma "run a company" tafiyar da kamfani ne, "run for president" tsayawa takarar shugaban ƙasa, "my nose is running" majina ce ke zuba, "we ran out of time" kuwa lokaci ne ya ƙure. Mu ma haka muke da "ci": a ci bashi, a ci amana, a ci jarrabawa, a ci gaba, alhali ko loma ba a kai baki ba. A bugu na biyu na babban ƙamusun Oxford, mai mujalladi 20, wanda ya fito a 1989, "set" ce ke kan gaba da ma'anoni 430. Da aka sabunta bayanin "run" a 2011, sai da Peter Gilliver, ɗaya daga cikin editocin ƙamusun, ya shafe wata tara a kanta, ya tattaro ma'anoni 645 a matsayinta na aikatau kawai.

Wancan babban ƙamus na masu bincike ne, ba shi kake nema ba. Ƙaramin na aljihu kuma zai ba ka ma'ana uku ko huɗu ba tare da misali ba. Amfaninsa bai wuce duba yadda ake rubuta kalma ba.

Ƙamusun Turanci zuwa Hausa yana da daɗin aiki, don da harshenka yake maka magana. Na Neil Skinner tsohon hannu ne, tun 1965. Na Roxana Ma Newman, da Jami'ar Yale ta buga a 1990, ya fi shi rarrabe ma'anonin kalma, tare da misalai. Idan fassara zuwa Hausa ce aikinka, ka neme shi. Sai dai duk ƙamus mai harshe biyu yana iya sa mutum ya ɗaure kalma ɗaya da kalma ɗaya a ransa, kuma daga nan ne kuskuren "run" yake farowa.

Inda na fi so kuɗinka ya tafi shi ne ƙamusun da aka rubuta musamman don masu koyon Turanci. Oxford Advanced Learner's ya samo asali daga A. S. Hornby, malamin da ya koyar a Japan ya ga inda ɗalibai ke tuntuɓe. Oxford ta fara buga shi a 1948. Longman ya zo a 1978 da dabara mai kyau: ana yin bayani da kalmomi kusan 2,000 masu sauƙi, don kada ka je neman ma'ana ɗaya ka dawo da sababbin kalmomi uku da ba ka sani ba. Collins COBUILD na 1987, wanda John Sinclair ya jagoranta a Jami'ar Birmingham, an gina shi ne a kan miliyoyin kalmomin da mutane suka rubuta ko suka furta da gaske, kuma da cikakkiyar jimla yake bayani, kamar malami na gabanka. Wannan salo yana cin wuri, amma ga kalma irin "run" ya dace, don yana nuna maka wa ke aikatawa da kuma abin da ke biyo bayanta. Mai farawa, Longman zai fi masa sauƙi. Mai yawan rubutu, ina ganin COBUILD ko Oxford.

Ka lura da jerin ma'anonin ma. Wasu ƙamusan da aka yi wa masu harshen, irin Collegiate na Merriam-Webster bugun 2003, bisa tarihi suke jerawa, tsohuwar ma'ana ce a sama. Mai gaggawa sai ya ɗauki ta farko ya tafi da abin da ba shi ake nufi ba. Na masu koyo galibi da wadda aka fi amfani da ita suke farawa.

Takarda ko waya? Oxford da Longman da Collins duk suna da shafukan intanet da ake dubawa kyauta, har da sautin furuci, don haka gwada su kafin ka biya. Takarda kuma tana shimfiɗa maka ma'anonin gaba ɗaya ka kwatanta. In manhajar fassara za ka yi amfani da ita, kada ka ba ta "run" ita kaɗai, canka za ta yi. Ba ta jimlar duka, sannan ka koma ƙamus ka nemo lambar ma'anar da ta dace da ita.