Hidden Words na Instagram yana tare zagi, habaici ne dai ya gagare shi

Jama'a duk mai amfani da Instagram da bai taɓa leƙa wajen da ake kira Hidden Words a cikin saitin ba to ya daure ya leƙa. Kyauta ne, ba sai ka sauke wata manhaja daban ba, kuma a ganina yana cikin 'yan abubuwan kirki da kamfanin Meta mai Instagram ya yi wa mutane. Ni bakwai cikin goma nake ba shi, ukun da na riƙe kuma akwai dalili.

Aikinsa ba wuya. Ka shiga saitin ka nemo shi, za ka ga maɓallin ɓoye kwament na zagi da batsa, da na tsananta tacewar, da na ɓoye saƙonnin baƙi, sai kuma wani fili inda kai da kanka za ka rubuta kalmomin da ba ka son gani kana raba su da waƙafi, har emoji yana karɓa. Duk wanda ya rubuto abu ɗauke da ɗaya daga cikinsu sai a tura kwament ɗin can ƙasa a ɓoye, in saƙo ne ya faɗa wani akwati daban, shi mai rubutun ba wanda zai sanar da shi, yana can yana ta jiran ka tanka kai kuwa ko labari. Tace kwament da jerin kalmomi tun 2016 akwai shi, a watan Afrilun 2021 ne aka kawo na saƙonni da wannan suna.

Na san akwai masu cewa wai duk wannan na mene ne, magana ce fa kawai, ba dutse aka jefe ka da shi ba, ka kashe data ka kwanta. Wallahi wannan zancen yana ba ni haushi, don galibi masu faɗinsa ba a taɓa yi musu taron dangi a ƙarƙashin hoto ɗaya ba. A 2003 wata mai bincike Naomi Eisenberger da abokan aikinta a jami'ar UCLA ta Amurka sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna wasan jefa ƙwallo a kwamfuta, can sai aka daina jefo musu aka ware su, sai ga wani sashe na ƙwaƙwalwa da aka sani da motsawa lokacin raɗaɗin ciwo ya motsa. Masana sun yi ta jayayya daga baya kan ko zafin iri ɗaya ne sak, amma dai lura, ko zagi ba a yi ba a nan, wariya ce kawai. Wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne na Martin Teicher na Harvard a 2010, ya duba matasa 'yan shekara 18 zuwa 25 waɗanda ba su da tarihin duka ko cin zarafi na jiki, ya ga waɗanda sa'o'insu suka addaba da baki a makaranta sun fi fama da fargaba da ciwon damuwa, har da bambanci a gadar da ta haɗa ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa. Sannan a 2014 masu bincike a King's College ta Landan suka bi yara sama da 7,000 da aka haifa a Birtaniya a 1958, waɗanda aka tsangwama suna ƙanana har sun kai shekara 50 abin bai gama sakinsu ba. To baki shi ke yanka wuya, kuma abin da ya burge ni da Hidden Words shi ne an gina shi a kan yarda cewa ganin kalmar ma kansa rauni ne, in ka karanta ka karanta, goge ta daga baya ba ya cire ta daga ranka.

Inda ya fi amfani shi ne lokacin da baƙi suka yi maka ca. Ku tuna wasan ƙarshe na gasar Turai a Wembley ranar 11 ga Yulin 2021, 'yan wasan Ingila Rashford da Sancho da Saka suka ɓarar da fenareti Italiya ta ɗauke kofi, kafin gari ya waye shafukansu sun cika da zagin wariyar launin fata da emojin biri. Wata guda bayan haka Instagram ya fito da Limits, wanda ke ɓoye kwament da saƙon waɗanda ba sa bin ka ko suka fara bin ka kwanan nan, na ɗan lokaci har ƙura ta lafa. Irin wannan zagin na gayya kalmominsa sanannu ne, ana ta maimaita su, don haka tacewa na kama su da yawa. A 2022 ma sun ce sun gyara shi ya riƙa gane masu wayon sa lamba 1 a madadin harafi, suka ƙara harsuna irin su Farisanci da Turkanci da Rashanci.

To amma rariya ce, tsakuwa take tarewa, gari kuwa wucewa yake. Maganar da ta fi cin rai sau da yawa babu ashar ko ɗaya a cikinta. Yarinya ta sa hotonta wata 'yar ajinsu ta rubuta "kai ashe har yanzu kina nan yadda kike, Allah ya ƙara lafiya" ta bi da fuskar dariya uku, wasu biyar su zo su danna mata so. Wace kalma za ka sa a jeri a nan? Lafiya? Ita yarinyar ta san jikinta ake nufi, duk ajin sun sani, na'ura ce kaɗai ba ta sani ba. Gori da gugar zana da habaici duk a kan sanayya suke tafiya, wanda ya san inda mikinka yake ba ya buƙatar zagi.

Shi kansa jerin da kake haɗawa akwai ɗan aiki. Na farko sai ka zauna ka rubuta da hannunka ainihin kalmomin da ake jifanka da su, kowace da rubutu iri uku ko huɗu don mutane ba sa bin ƙa'ida ɗaya, wannan zaman ba daɗi, gara ka miƙa wa wani aminin da ka yarda da shi wayar ya shigar maka. Na biyu in ka cika zafin hannu za ka rufe masoya, ka sa "banza" a jeri sai wani bawan Allah ya rubuta "wahalarka ba ta tafi a banza ba" shi ma ya tafi can ƙasa tare da 'yan zagi.

Ga waɗanda ka sani ido da ido kuwa Restrict ne gwani, wato maɓallin taƙaita mutum ba tare da ka yi bulokin ɗinsa ba, tun Oktoban 2019 yake. Shugaban Instagram Adam Mosseri ya bayyana a lokacin cewa matasa na gudun yin bulokin don yana ƙara rura wutar, musamman in gobe za ku haɗu a aji ko wajen aiki, kuma gaskiya ya faɗa. Da Restrict mutum zai yi ta rubutu shi kaɗai ke ganin abinsa sai in ka amince, ba ya ganin kana kan layi, ba ya sanin ka karanta saƙonsa. Wannan ni tara nake ba shi. Shi kuwa gargaɗin nan da ke tambayar mai rubutu ko ya tabbata yana son turawa, mai saurin fushi zai iya tsayarwa, wanda ya zo da niyya dannawa kawai zai yi ya wuce.

Iyaye, tun Satumbar 2024 aka fara asusun matasa inda ake kunna tacewar a mataki mafi tsauri ga 'yan ƙasa da 18, 'yan ƙasa da 16 kuma ba sa iya sassautawa sai da izininku. Ya yi kyau, sai dai shafin yaron kaɗai yake karewa, abin da ake faɗa a kansa a shafin wani ko a guruf ɗin da ba ya ciki ko hoton allo da ake yawo da shi duk ba ruwan Hidden Words da su.

Abu ɗaya da nake so su ƙara: waɗannan kwament da aka ɓoye suna nan, dannawa ɗaya ka buɗe su, kuma mutumin da aka addaba ƙarfe biyun dare ya kasa barci kusan tabbas sai ya leƙa. Ban ce a goge su ba, don ana buƙatarsu a matsayin hujja in za a kai ƙara makaranta ko hukuma. Da dai za a ba mutum damar kulle akwatin ya damƙa makullin a hannun yaya ko aboki, shi ya riƙa dubawa yana kai rahoton masu barazana.