ClinicalTrials.gov: me yake tsinana wa majinyaci a Sakkwato?

Duk inda aka ambaci gwajin magani a Arewa, abin da ke fara faɗo wa mutane shi ne Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan. Yara 200 aka shigar, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Don haka tambayar farko ga wanda aka ce ya shiga bincike ita ce: an yi wa binciken rajista kuwa? Shafin ClinicalTrials.gov yana amsa wannan, kyauta, ba sai ka buɗe asusu ba.

Ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka ne ke kula da shi tun shekarar 2000, amma yana ɗauke da binciken ƙasashe da yawa, har da Najeriya. Kowane bincike yana da lambarsa: NCT sai alƙaluma 8. Idan ma'aikacin bincike ya tunkare ka a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani asibiti, nemi wannan lambar ka rubuta a shafin. Nan take za ka ga wanda ya ɗauki nauyi, maganin da ake gwadawa, adadin mutanen da ake nema da shekarunsu.

Neman bincike ba tare da lamba ba ya fi wuya, kuma nan ne mutanenmu ke tuntuɓe. Shafin bai san Hausa ba. Ka rubuta "sikila" ko "Sakkwato", ba abin da za ka samu. Sai "sickle cell" a gurbin cuta, "Sokoto" a gurbin wuri. Daga nan ka tace sakamakon da "Recruiting", wato waɗanda ke ɗaukar mutane yanzu. Idan bai fito da abin kirki ba, faɗaɗa zuwa Najeriya baki ɗaya, domin wani binciken a Kano, Zariya ko Ibadan yake, kamar na maganin hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki da aka yi a Kano.

A lura da alamar "Unknown status". Ma'anarta ranar kammala binciken ta wuce, kuma an shekara 2 masu shi ba su sabunta bayani ba. Kada a kashe kuɗin mota a kan irin wannan. Ko mai alamar ɗaukar mutane, a duba ranar da aka sabunta shi na ƙarshe, a kira lambar wayar da ke ƙasa kafin a tashi daga Wurno ko Tambuwal.

Sashen sharuɗɗan shiga shi ne mafi amfani, shi ne kuma mafi wuyar karantawa. Turancin likitoci ne zalla: yawan jini kaza, aikin ƙoda kaza, banda mai juna biyu, banda wanda aka ƙara wa jini kwanan nan. Ko ɗan boko sai ya kai wa likitansa ya fassara masa. Matakin gwajin ma a duba shi. Mataki na 1 mutane kaɗan ne, ana auna illa da adadin da jiki zai ɗauka. Na 3 ɗaruruwa ne ko dubbai, ana kwatanta sabon magani da wanda aka saba. A yawancin gwaje-gwajen mataki na 3 kwamfuta ce ke raba mutane kamar ƙuri'a, kenan ba tabbas sabon maganin zai faɗo kanka.

Abin da shafin ba ya yi, shi da kansa ya faɗa: kasancewar bincike a ciki ba shaida ba ce cewa gwamnatin Amurka ta tantance lafiyarsa. Masu binciken ne ke cike bayanan. A Najeriya izinin gwada magani na hannun NAFDAC, sai kuma kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ya amince. Waɗannan takardun a wurin masu binciken ake neman gani, tare da takardar amincewa da mai shiga binciken ke sa wa hannu. Haƙƙinka ne a karanta maka ita da Hausa, a gaban shaida idan dangwale za ka yi, a ba ka kwafi ka je gida ka yi shawara. Kana iya fita duk ranar da ka ga dama, kuma ba za a hana ka maganin da ka saba karɓa ba.

Rashin ganin bincike a nan bai isa a ce na bogi ne ba. Da yawa daga binciken Afirka a rajistar PACTR suke, wadda ke Afirka ta Kudu, lambarsu na farawa da PACTR. Shafin ICTRP na Hukumar Lafiya ta Duniya yana haɗa su duka a nema guda, sai dai ya fi wahalar sarrafawa a ƙaramar waya.