Tifa da injin markaɗa rassa na hannu, abin da na gani bayan na more su

Duk mai sana'ar sare bishiya da rage rassa ya san ba hawan ne ke cin lokaci ba, kwashe abin da ya zubo ƙasa shi ne aikin, bishiya ɗaya in ta kwanta sai ta cika fili har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Shi ya sa na daure na sayi injin markaɗa rassa da tifa, duka na hannu, kuma yanzu da na yi rani da damina da su ina ganin gara in faɗi abin da na gani ko wani ɗan uwa zai amfana.

Injin na fara saye kafin mota, kuma har gobe shawarar da zan ba kowa kenan, don injin ne zai gaya maka irin motar da kake buƙata, nauyinsa da yawan gutsurin da yake fesowa su ne ma'auni. Vermeer BC1000XL na ɗauka, mai cin itace har kaurin inci 12, bakinsa inci 12 da 17 ne, kuma wannan faɗin ya fi min komai amfani saboda reshe mai baki biyu sai ya lanƙwashe ya shige ba sai yara sun tsaya suna datsa shi da zarto ba. Mai ganga ne, wato wuƙaƙen a jikin wata ganga mai juyawa suke, akwai kuma masu faifai irin Bandit 200XP, su ma mutane na yabonsu sosai wajen fitar da gutsuri mai kyau da fesa shi da nisa, amma ni yawancin aikina rassa ne masu ganye da karkace-karkace to mai ganga ya fi dacewa da ni. Abin da ya fi burge ni shi ne in ka sa masa itace mai kauri ya ji ƙarfinsa na sauka, da kansa yake tsayar da rololin da ke jan itacen har sai ya dawo hayyacinsa sannan ya ci gaba, don haka sabon yaro ma ba zai kashe maka inji ba.

Toh amma na hannu na hannu ne. Kar fenti ya ruɗe ka, mai sayarwa na iya fesa sabon fenti cikin yini ɗaya. Mitar da ke ƙirga awannin aikin inji ma ba na yarda da ita ita kaɗai don ana canza ta, sai dai in haɗa ta da abin da idona ya gani. Ka ce a kashe inji a zare makulli, a jira ganga ta tsaya cak, sannan a buɗe murfi ka duba wuƙaƙe da inda suke zama, in ka ga tsaga ko walda a jikin gangar wallahi ka juya ka tafi komai arhar da aka yi maka, don abu ne mai gudu da tsananin sauri, in ya balle ba gyara ake magana ba rai ake magana. Ka duba ƙarfen da wuƙaƙen ke sara a kansa ko gefensa ya cinye, ka duba haƙoran rola ko sun yi sulɓi, tiyon haidirolik ko suna zufa, bel ko ya tsattsage. Boris ɗin ganga kuwa sai injin ya yi aiki ya ɗau zafi za ka san halinsa, in yana kuka ko ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa to ka sa kuɗinsa a lissafi.

Kuma dan Allah kar ka sayi injin da ba ka ga ya ci itace ba. Ni da ɗanyen reshe mai kauri na je a bayan mota, na ce a sa masa ina kallo. Inji a tsaye babu kaya kowanne lafiya yake. Ka gwada sandar tsayarwa ta sama da ta ƙasa ka tabbatar rola na tsayawa nan take, don akwai masu cire wayar saboda wai tana rage musu sauri, wannan ganganci ne da rayuwar yaran da za su tsaya a bakinsa.

Batun mota shi ne inda na ga abokan sana'a da yawa suna cutar kansu. Mutum zai kalli girman akwatin kawai ya ce ai zai ɗauki aikin yini, ya manta ɗanyen gutsuri na da nauyi, mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi na iya kai kilo 300 ko ma fiye in itacen na da ruwa sosai, kaga akwati mai cin irin wannan 10 ya zama tan 3 kenan, ga injin da kake ja a baya ya haura tan 2, ga mutane ga igiyoyi ga zartuna ga jarkokin mai. Akwai ɗan allo a jikin ƙofar direba da ke nuna iyakar nauyin da kamfani ya yarda motar ta kai da kayanta, ka karanta shi, ka hau da motar kan sikeli babu kaya ka cire, abin da ya rage shi ne ainihin abin da za ta ɗauka. Ford F-550 alal misali akwai masu kai nauyin fam 19,500 da kayansu, Isuzu NPR HD kuma 14,500, bambancin ba kaɗan ba ne in ka zo taka birki a gangara da cikakken kaya.

Tawa mai gajeren kai ce, irin wadda direba ke zaune a kan inji, kuma gaskiya na ji daɗinta wajen shiga lungu da juyawa a ƙofar gidan mutane da inji a baya, kana ganin gabanka tas. Inda irin wannan zubi ke da rauni shi ne ƙasa mai laushi, tayoyin baya kaɗai ke ja, in an yi ruwa ka shiga ciyawa da kaya sai ka yi lissafi sosai, kuma in babu kaya tana jijjiga mutum a hanya mara kyau. Wanda aikinsa gonaki ne da daji gara ya nemi mai ja da taya huɗu.

Da na je dubawa ƙarƙashinta na fara shiga da tocila, don motocin wannan sana'a tsatsa ke kashe su, jiƙaƙƙen gutsuri yana kwana a akwati ya ci ƙasansa, ya maƙale tsakanin akwati da shasi yana riƙe danshi. Na sa aka ɗaga tifar har ƙarshe aka bar ta a sama na ɗan lokaci in ga ko za ta sauko da kanta. Sannan kilomita ba ta faɗin gaskiyar irin waɗannan motoci, suna iya yini a kunne a wurin aiki ba su motsa ba, to ka nemi awannin inji in motar na nunawa. Masu dizal da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 2007 suna da matatar hayaƙi a salansa, daga 2010 kuma yawancinsu har da ruwan DEF, wato ruwan da ake fesawa cikin salansa don rage gubar hayaƙi, ita matatar ba ta son gajeriyar tafiya da yawan tsayuwa a kunne, toshewa take, shi ya sa ni duk mako sai na ba ta doguwar hanya ta ƙone abin da ta tara. Ka je da bakanikenka ya jona mata kwamfuta kafin ka biya.

Abin da injin markaɗar ke nema a wurina kullum ba shi da yawa, giris a boris, share lagireto don ƙurar itace na toshe shi, da wuƙaƙe masu kaifi. Wuƙaƙen baki biyu ne, in ɗaya ya dakushe ka juya, kuma ina ajiye saiti na biyu a mota. Da zarar na ga gutsuri ya fara fitowa zare-zare ko injin na shan mai fiye da yadda na saba na san lokaci ya yi. Rassan da aka ja a ƙasa suka kwashi yashi da tsakuwa su ke cinye kaifi da wuri, don haka na hana yarana sa sharar da aka tattara da manjagara a ciki, ita da hannu muke lodawa a akwati.