Mujalla mai kyau, amma shafin ƙumshiyarta ya ɓata min rai

Takardar mujallar nan ba ta da laifi, hotunanta ma haka, amma wanda ya tsara mata shafin abubuwan da ke ciki bai kyauta wa mai saye ba. Mujallar kiɗa da waƙa ce ta Ingila, irin mai fitowa wata-wata da faifan CD manne a bango. Ƙanena ne ya taho min da ita daga Landan bayan na tura masa kuɗin, kuma duk wanda ya san yadda fam yake yanzu ya san ba kuɗin wasa ba ne. Dalilin sayen ɗaya ne tak: a gefen bango an rubuta sunan wani mai kaɗa gita ɗan Agadez da nake matuƙar son kiɗansa.

Sai da na wuce tallar agogo da ta lasifika kafin na iso ƙumshiyar. Hoton mawaƙin da ke bango, wanda na riga na gani, shi aka sake kawowa ya cinye fiye da rabin shafin. Jerin labaran kuwa an matse shi a gefe, da fararen haruffa ƙanana a kan hoto mai toka-toka, sai na matsa kusa da taga nake iya karantawa. Lambobin shafi, waɗanda ya kamata su fi komai kauri don ido ya fara sauka a kansu, girmansu ɗaya da sauran rubutun. Abin da ya fi ƙona min rai, sunan mutumin da na kashe kuɗi dominsa babu shi ko'ina. An cika jerin da kanun labarai masu wasa da kalmomi, ba a faɗi wane mawaƙi ake nufi ba. In ka sa suna a bango don ka jawo mai saye, haƙƙinsa ne ka nuna masa shafin da zai same shi.

Kuma ba wani sabon ilimi ba ne. NME, mujallar kiɗa ta Ingila wadda ta fara fitowa a 1952, ta yi shekaru tana jera sunayen mawaƙa bisa tsarin abacada a gefen ƙumshiyarta, kowane suna da lambar shafinsa. Mujallar Q, daga 1986 har ta rufe a 2020, tana raba manyan labarai daban, filayen da ke zuwa kowane wata daban, sharhin sababbin faifai daban, da jan launin tambarinta yana yi maka jagora. Wannan kuwa kamar ka shiga Kasuwar Kurmi ne ba ka san layin kowa ba.

Haka na dinga buɗawa shafi bayan shafi. Shafuka da yawa ma ba su da lamba, domin tallace-tallace da hotunan da suka cika shafi sun shafe ta. A can wajen ƙarshe, cikin sharhin faifai, na tarar da mai gitar, rabin shafi da ɗan hoto.

Gaskiya rubutun ya yi daɗi. Marubucin ya san kiɗan Abzinawa, ya yi maganar yadda gita ke bin tafi da kiɗan ganga ba tare da ya mai da mutanen abin kallo ba. Faifan da ke manne a bango ma na ji daɗinsa, takardar kuma mai kauri ce, tawada ba ta bin hannu. Har na fara hucewa, na ce kuɗina bai tafi a banza ba.

Da na koma neman jerin waƙoƙin faifan, sai takaicin ya dawo sabo. Shi ma ƙumshiyar ba ta ambace shi ba, alhali akwatin da ke roƙon a biya kuɗin mujallar na shekara ya samu fili mai faɗi, da jan rubutu ɓaro-ɓaro da ake hangowa daga nesa. Ashe sun iya rubutu mai kauri in kuɗi ake nema. Na ba ta uku cikin biyar, kuma ba zan sake aikawa a sayo min ba sai ƙanena ya fara turo min hoton ƙumshiyar ta WhatsApp na ga sunan da nake nema da lambar shafinsa.