Saba (babbar kwamfutar ajiya) a labo ko kilawud (ajiya ta intanet a injinan wani kamfani), ina za ku zuba bayanan binciken nan?

Malamai da ɗalibai na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da 'yan uwa na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Tarna, duk wanda hotunan tauraron ɗan adam ko bayanan gwajin hatsi da wake suka cika masa kwamfuta, kafin ku fidda kuɗin proje ku fara lissafin hanya tukuna, don ni a ganina kaiwa da ɗaukowa su suka fi cin mutum.

Saba ta kanku a labo sayen sau ɗaya ne, amma fa ga ɗaukewar kuran, ga zafin Afrilu, ga ƙurar hunturu da in ka buɗe injin za ka tarar ta toshe fanka kamar an zuba gari, dole ondiler da batir da kilim, kuma sai da wanda zai riƙa dubata ko lokacin hutu.

Kilawud kuma haya ce. A S3, ma'ajiyar kilawud ta Amazon, tera ɗaya (jiga 1,000) wajen dalar Amurka 23 ne a wata, Glacier Deep Archive kuwa, ajiyarsu ta kayan da ba a yawan taɓawa, kusan dala 1, sai dai in kana son kayanka za ka jira kamar awa 12. Zubawa kyauta, fiddowa ne da kuɗi, nan mutane ke shan mamaki in takardar biya ta zo, ga shi sai da katin banki irin Visa. To ga rezo ɗinmu, da gudun megabit 10 a sakan tera ɗaya sai ta haura kwana 9 tana hawa, in bai yanke ba kenan. Kuma kada a ce kilawud ba ya ɓata, a Maris 2021 gobara ta ci wurin ajiyar kamfanin kilawud na OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri sun yi asara.

Masu aikin taswirar gonaki ku kam kun huta, hotunan taurarin ɗan adam na Sentinel-2 da Landsat suna cikin Google Earth Engine, dandalin Google na aiki da irin waɗannan hotuna, ka tura lissafinka can ka sauko da sakamako kaɗai, ba sai ka jawo komai gida ba. Kubernetes da su kwantena kuwa, wato kayan ƙunsa manhajoji da tafiyar da su a kan saba da yawa, in ba ku da injiniya ku bar shi tukuna, wallahi zai cinye lokacin binciken.

Ƙaramin labo dai, dis biyu masu kyau a wuri daban-daban, kwafi na uku a Glacier, abin da aka gama za a wallafa a sa a Zenodo, ma'ajiyar bayanan bincike ta intanet ta CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, kyauta ne har jiga 50 kowane ajiya.